Murhun da Ya Ƙi Kamawa

Injiniya yana durƙushe a tsakar gida, kansa cikin tsohon murhun gashi, yana kankare tsatsa da buroshin ƙarfe, sai matarsa ta fito da kofin shayi ta tsaya a kansa.

"Ka sanar da 'yan kwana-kwana, ko ni zan kira su?"

Ba injiniya ba ne. Ma'aikacin ofishin inshora ne. Ita ta laƙaba masa sunan tun ranar da ya gyara fankar falo, fankar ta sauko ta same su suna cin abinci. Sunan ya bi shi har wurin aiki.

"Ajiye shayin ki taya ni da addu'a," ya ce daga cikin murhun.

Murhun na Baba ne, mahaifinsa, mai aiki da gas, da murfi mai nauyi kamar bakin mota. Da can, in sanyi ya shigo, Baba ne ke tsayawa gabansa da yamma yana juya kaza, yana korar duk wanda ya matso. Maɓallin kunnawa ya mutu tun Injiniya bai fara furfura ba. Sai dai Baba ya naɗe takarda, ya ƙyasta mata ashana, ya zura ta wani rami a gefe, ya doki murhun da tafin hannu, wuta ta tashi da ƙara. Ba wanda ya iya sai shi, kuma bai taɓa son wani ya iya ba.

Tun da aka yi masa aikin ƙugu aka sallamo shi, Baba ya ƙi barin ɗaki. Likita ta ce ƙashi ya haɗu, amma in bai taka ƙafar a sanyin nan ba za ta sandare, sai keken guragu. Ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da suka sayo masa ya zama wurin rataye tawul. An yi lallashi, an yi faɗa, a banza. Shi ne Injiniya ya yaye tamfol daga kan murhun, ya ce ƙamshi zai fito da tsohon.

Wuni ya yi a kai. Ya sauya tiyon da ya tsage. Ya zaƙulo gidan zanzaro daga cikin bututun wuta. Ya shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo da tukunyar gas, kamar yadda mai shagon kayan gas ya nuna masa, ya zuba ido ko za ta yi ƙwai, ba ta yi ba. Ya ɗaura sabon maɓalli da 'yar wayarsa mai ba da tartsatsi. Duk wannan, labulen tagar Baba yana ɗan motsi, ko da yake babu iska.

Da la'asar ya buɗe gas ya danna maɓalli. Ƙyas. Wuta shuɗiya ta jeru layi-layi, ba hayaƙi, ba ƙara.

Matarsa ta dubi wutar, ta dube shi. "Faɗa mini gaskiya, wa ya taimake ka?"

Bai kula ta ba. A karon farko a rayuwarsa ya gyara abu ya gyaru, kuma yana son shaida. Ya juya wajen taga kamar yaron da ya ci jarrabawa. Baba yana nan, ya ɗage labule. Ya daɗe yana kallon wutar, ya gyaɗa kai, ya saki labulen. Suka ji gado ya yi ƙara.

Matar ta shiga ɗaki kiran Baba, ta dawo a sanyaye.

"Ya ce Allah ya yi maka albarka, a kai masa rabonsa na kaza ɗaki. Wai ai yanzu ko jariri ya kunna."

Injiniya ya tsaya yana kallon aikin hannunsa. Can ya kashe gas, ya zura hannu ƙarƙashin murhun, ya fizge 'yar wayar ya sa a aljihu. Ya shiga danna maɓalli da ƙarfi, ƙyas, ƙyas, ƙyas, har maƙwabta su ji.

"Baba, ya mutu kuma."

Ya yago takarda ya naɗe ta kamar mazubin gyaɗa, ya nufi murhun da ita ta sama.

"Kai," murya ta fito daga bayan labule, "ka gaji da gashin girarka ne? Ta gefe ake sawa. Ta hagu."

"Hagunka ko haguna, Baba?"

Can sai suka ji ƙafafun ƙarfe a kan siminti, a buga, a ja, a huta. Matar ta yunƙura za ta je ta tare Baba, Injiniya ya riƙe mata gefen mayafi.

Baba ya ɗauki lokaci kafin ya iso, bargo a kafaɗa, gumi a goshi duk da sanyin. Ya karɓi takardar, ya warware ta, ya sake naɗewa siririya.

"Buɗe gas, kaɗan. 'Yata, matsa baya, mijinki ne ya taɓa shi."

Ya ƙyasta ashana, ya zura takardar ta ramin, ya doki gefen murhun. Wuta ta tashi da tsohuwar ƙararta. Matar ta juya da sauri wai za ta ɗauko kaza, tana share ido da bakin mayafi.

Baba ya miƙa tafukansa kan ɗumin, hannu ɗaya, sannan ɗayan, bai dubi ɗansa ba.

"Wayar nan da ke aljihunka."

"Na'am, Baba."

"Kar ka mayar sai sanyi ya wuce." Ya gyara bargonsa. "Yanzu matsa, kana tare mini haske."