Filin da Ke Gindin Takardar Baba

Tun kafin Adizatu ta karanta takardar da Kawu Brimah ya miƙo mata, ranta bai kwanta da ita ba. Shekara goma sha ɗaya tana buga wa mutanen Dichemso takardu a ɗakin bakin titi na gidansu, ita za a yi wa wayo da takarda? Wai marigayi Baba ne ya rubuta, shekara shida da suka wuce, cewa ya ba ƙanenta Rafi'u wannan ɗakin kyauta. Ɗakin da take cin abinci da shi fa! Kuma takardar ba ta tashi fitowa daga akwatin Baba ba sai da Rafi'u ya sauko daga Amurka.

"Ke kika san harkar takarda," in ji Kawu. "Duba mana. In kin ce jabu ce, magana ta ƙare."

Sa hannun dai kamar na Baba. Amma lambar shafi ta gindi ta ɗago sama, ƙasanta fili fari ya kai faɗin yatsa uku, rubutun kuma ya matsu da gefen dama. Ei! Adizatu ta san wannan ciwon. A Gana kowa A4 yake bugawa. Mutanen Amurka kuwa tasu takardar Leta ce, gajeriya mai faɗi, kuma a kanta kwamfutocinsu suke zuwa a saite. In aka rubuta a can aka buga a nan, haka take fitowa.

Ta ɗaga ido ta dubi Rafi'u. Yana zaune yana ɓare lemo, jakar kwamfutarsa a jingine da ƙafarsa kamar wanda bai san komai ba. Ashe shi ya sa shekaranjiya yake tambayarta ko rufin ɗakin na yoyo! Ashe shi ya sa aka kawo mata turare!

"Sista, lafiya kike kallona haka?"

"Lafiya lau," ta ce. "Kawu, ku ba ni zuwa la'asar."

Ta shige shagon zuciyarta na tafasa. So take ta buga wata takarda a kan Leta, ta ajiye su biyu gaban Kawu, kowa ya ga ƙarya da idonsa. Sabuwar kwamfutar na tsakiyar aikin wani ɗan makaranta, sai ta kunna tsohuwar da ke lungu. Tana jiran ta farka ne abin ya faɗo mata. Wannan tsohuwar ai Rafi'u ne ya aiko mata da ita daga can. Watan farko har faɗa ta sha da masu kawo aiki, kowace takarda da fili a gindi, kafin ta gane inda ake canza saitin.

Ta sake duba kwanan watan takardar. Cikin wannan watan farkon ne daidai.

Ba ta so ta bincika ba, wallahi ba ta so ba, amma hannunta ya ƙi tsayawa. Can cikin tsofaffin ayyuka ta ga wani mai suna DAKI. Ta buɗe. Ga takardar nan kalma da kalma, an ajiye ta ran Talata da hantsi. Lokacin ne take barin Baba ya tsare mata shago ta shiga girki, shi da ya yi shekara talatin yana akawu a wani kamfanin katako a Anloga. A kujerarta ya zauna ya buga. Ta kawo masa abinci, ya ci, ya sa mata albarka, bai ce mata uffan ba.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Babu wanda ya san da wannan sai ita, kuma in goge ta za a yi, danna maɓalli ɗaya ya isa. Ta daɗe yatsanta na kansa.

Da la'asar Kawu ya leƙo, Rafi'u na bayansa.

"To, 'yata, me kika gani?"

Ta juya musu fuskar kwamfutar, ta miƙe daga kujerar.

"Ta Baba ce," ta ce. "Rafi'u, yaushe kake so in kwashe kayana?"