Filin da Saudatu Ta Hana Motoci

A unguwar Mansur ta Makka akwai wani fili inda Hausawa ke ɗaurin aure da suna, samari kuma su yi kokawa bayan la'asar. Babu inuwa a cikinsa ko kaɗan, kuma duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi, ambaliya kan gangaro daga duwatsu ta bar shi ramuka.

Saudatu tana tuyar waina a bakin filin. A Makka aka haife ta, domin kakanta ya zo hajji a ƙafa daga Kano bai koma ba. 'Yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu, ta je wurin kawunta Dawuda, shugaban masu ga-ruwan unguwar.

"Kawu, so nake a gyara filin nan. Bana mu ja katangar dutse ta gefen da ruwa ke shigowa. Baɗi mu dasa magarya. In ta kama, a gina rijiyar tara ruwa."

Dawuda ya yi dariya. "Da dukiyar wa? Kuma mu baƙi ne, 'yar nan. Wata rana gida za mu koma."

"Wane gidan? Kakana a nan yake kwance, ubana ma haka. Ba kuɗi nake nema ba. Kowane mai ga-ruwa ya zuba wa itatuwan garwa ɗaya in zai tashi aiki. Masu fasa dutse su ba mu ɓaraguzai. Abincin magina a kaina."

Dawuda dai bai hana ba. Katangar ta tashi a hankali, a karkace, har ta kai ƙugu. Da shekara ta zagayo aka dasa magarya. Rana ta ƙone rabi, awaki suka ci wasu. Saudatu ta sa aka sake dasawa, aka kewaye da ƙaya.

Ana cikin haka sai Mukhtaru, ɗan unguwar da ya yi arziki da jigilar alhazai, ya sayo manyan motoci, ya rasa wurin ajiye su. Wata safiya direbansa ya shigo filin da mota da baya, ya rushe gefen katangar.

Saudatu ta sauke tandarta, ta ɗauki tabarma ta shimfiɗa a gaban tayar motar, ta zauna. Mukhtaru ya iso yana huci.

"Yaya Saudatu, ki tashi. Filin nan ba na kowa ba ne."

"Shi ya sa ba naka ba ne. A nan aka raɗa maka suna, Mukhtaru. Ni na yi wainar."

"Zan saka muku rumfar kwano a wani wurin. Khalas, magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba. In motarka za ta shiga, ta kaina za ta bi."

Kafin azahar mata sun cika wurin da tabarmi. Masu ga-ruwa suka jera garewaninsu a bakin ɓarakar. Dawuda ya zo a ƙarshe, yana dogara sanda, ya zauna kusa da ita.

Maganar ta kai gaban umda, mai unguwa. Ya zo da kansa, ya duba katangar, ya taɓa ganyen magarya. Ya yanke cewa Mukhtaru ya ɗauki tsirin filin da ke bakin hanya, sauran ya zama na jama'a, kuma ya gyara abin da ya rushe.

Tsirin ya ci itatuwa biyu da wurin tuyar Saudatu. Abin ya yi mata ciwo, har ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar Mukhtaru. Ranar da maginansa suka gama gyaran, ta tare shi a bakin titi.

"Motocinka suna dawowa daga Jidda babu kaya, ko?"

"Wani lokaci," in ji shi, yana kallonta a ɗarare.

"To, siminti muke so na rijiya. Bayan hajji za a fara haƙa."

Ya buɗe baki zai yi gardama, ta riga ta juya ta tafi.