Bagaruwar da Na Aika wa Bidi

Cikin dawakin da Baba ya bari a gonarsa ta Paikon Kore, Bidi kaɗai ta rage. Ita ma don na kafe ne, na ce goɗiyar da aka haifa a hannun Baba, wadda uwarta da kakarta duk a bargar nan suka tsufa, ba za ta bar gidan ba ina raye. Yaya Kabir ya ƙyale ni shekara uku. Shekara ukun nan kuwa ana kai ta barbara, ko sau ɗaya ba ta ɗauka ba.

Bana ya ce haƙurinsa ya ƙare. "Hadijatu, a kira likita a duba ta. In mahaifar ta mutu, zan kira dillalan nan masu lodin dawaki zuwa kudu." Kowa ya san dokin da ya hau motar nan yanka shi ake yi a ci. Ranar ko abinci kasa ci na yi.

Dakta Kauthar ta zo gonar da safe. Baba Jacob, wanda ya shekara talatin yana kula da dawakin Baba, ya riƙe kan Bidi yana yi mata magana da Gbagyi. Likitar ta sa safar hannu har kafaɗa, ta zura wani siririn ƙarfe, ta tsinko ɗan nama daga bangon mahaifa, bai fi ƙwayar wake ba, ta jefa a kwalba.

"Abu biyu nake nema," in ji ta. "In kumburi ne, yana jin magani. In tabo ne ya shaƙe 'yan ramukan da ke ciyar da ɗan tayi, to sai haƙuri. Ku zo bayan kwana goma."

Akwai abin da ban gaya mata ba. Bayan shekarar farko da Bidi ta yi fashi, na zauna a ofis na yi wa kaina fatawa. Ai bagaruwa ake dafa wa mai jego ta zauna a ciki jikinta ya haɗe, me zai hana ta yi wa goɗiya? Ni fa, mataimakiyar darakta, da digirina biyu. Na bi go-sulon Nyanya na sayo buhu guda, na ce wa Baba Jacob duk sanda aka yi barbara ya dafa da kauri ya ɗura mata ta tiyo, don ta riƙe.

"Oga bai taɓa yi haka ba," ya ce, yana nufin Baba.

"Oga ma bai taɓa ganin ta yi fashi ba," na ce masa. Bakina ba ya rasa amsa, shi ya sa nake yawan shiga uku. Da shekara ta zagayo, na sake aika masa sabon buhu.

Ranar da kwana goman suka cika, na ɗauki Baba Jacob muka tafi ɗakin gwaji a Gwagwalada. Dakta Kauthar ta sa wani ɗan gilashi a ƙarƙashin madubin likita ta ce in leƙa. Ni dai atamfa na gani, ja-ja da shuɗi-shuɗi.

"Kin ga waɗannan zagayayyun? Su ne ramukan. A buɗe suke, tabon da ke jikinsu kaɗan ne ƙwarai. Wannan goɗiyar za ta iya haihuwa."

Sai da na dafa tebur. Ban san tsoron ya kai haka ba sai da ya sake ni.

"Amma duba ɗige-ɗigen nan da suka cika ko'ina," ta ci gaba. "Kumburi ne, kuma ba irin na cuta ba. Wani abu ake zuba mata." Ta juya ta kalli Baba Jacob. "Baba, me kake sa mata?"

Ya cire hularsa ya riƙe. "Ni ne, Dakta. Mistek ɗina ne. Bagaruwa."

Wallahi na so in yi shiru. Tsoho ya riga ya ɗauke kayan, ni kuma ga girma. Amma na kalli furfurarsa, kunya ta kama ni.

"Ƙarya yake yi don ya rufa mini asiri," na ce. "Ni na sa shi. Ya hana ni, ban ji ba."

Likitar ta ƙura mini ido ta saman tabarau. "Hajiya, abin da majema ke jeme fata da shi?" Ta girgiza kai. "Za mu wanke mahaifar, a huta da barbara wata biyu, sannan a sake gwadawa. Ban ce lallai ba, amma ina da kyakkyawan zato. Abin da ke ɗaure mini kai, shekara biyu ana ɗura mata wannan da kauri, da tuni ciki ya zama tabo. Allah ne ya so ku."

Tun a mota na kira Yaya Kabir na ce ya sallami dillalansa. Ya tambayi me ya jawo, na gaya masa. Ya yi ta dariya har sai da na kashe wayar.

Da muka isa gona, Bidi na tsaye a inuwar mangwaro tana korar ƙudaje da wutsiya. Na rungumi wuyanta ina ba ta haƙuri, ita kuwa aljihun jakata take shinshina. Baba Jacob ya kira ni ɗakin ajiyar dusa, ya ɗage wani tsohon tamfol. Buhunan bagaruwa biyu ne a jingine. Ɗaya ko kwance bakinsa ba a yi ba, ɗayan an ɗan taɓa sama.

"Ƙwaya uku nake sa a bokiti," ya ce. "Kin ce in yi, ba zan ce ban yi ba. Amma Oga ya bar mini wannan doki amana, ba zan dafa shi da rai ba."

Na zauna a kan buhun da ba a kwance ba, na yi kuka mai isata. Shi kuwa ya ɗebi dusa ya tafi ba Bidi.