Mita Talatin

A makarantar ba mai kiransa da sunansa. Takwas ake ce masa, saboda lambar da ke bayan rigarsa tun yana aji uku. Shi ne ɗan tsakiyar ƙungiyar ƙwallon sakandaren, kuma in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ka ce da igiya ya ɗaure ta. Kafin abokin wasa ya san inda zai ruga, Takwas ya riga ya aika masa ita can. Gudu ne kawai Allah bai ba shi ba. Abokansa kan ce in kare ya biyo ƙungiyar, Takwas ne zai tsaya ba shi haƙuri.

A zangonsu na ƙarshe koci ya tara su bayan atisaye, ya ce wani babban kulob zai turo mutane su ɗebi yara.

"Amma kafin su ba ka ƙwallo sai sun auna gudunka," in ji koci. "Mita talatin, cikin sakan huɗu da ɗigo uku. Wanda ya wuce haka, ko filin ba zai taka ba."

Nan take ya gwada su da agogon da ke wuyansa. Takwas ya yi kusan sakan biyar. Koci ya dubi agogon, ya dube shi, ya ce akwai sauran lokaci.

Baban Takwas mai faci ne. Da ya ji labari sai ya zaro tsohuwar tayar mota daga bayan shago, ya huda ta, ya zura igiya, ya ce a ɗaura a ƙugu a riƙa ja. Koci kuma ya ce mutum ba ya ƙara sauri shi kaɗai, sai da wanda zai riƙa bi. Haka aka yi Takwas ya fara tayar da ƙanensa, Auta, kullum da safe. Auta ɗan aji huɗu ne, ba ruwansa da ƙwallo. Shi dai a bar shi da fensir yana zanen motoci.

"Yaya, don Allah, ni me na yi maka?" Auta kan ce yana hamma.

"Tashi, malalaci. Gudu kawai za ka yi."

Sai ya fito da silifas, ido duk barci, ya tsere wa yayansa, ya tsaya can gaba yana sosa ciki. Takwas dariya yake yi, don a lokacin abin dariya ne.

Ba abin da Takwas bai yi ba. Ya ja taya har igiyar ta saɓule masa fatar ƙugu. Ya hau matakalar gadar titi da gudu har masu talla suka san shi. Ya koyi ɗaga gwiwa, da wurga hannu, da kwantar da ƙirji gaba a takun farko. Umma ta riƙa gasa masa cinyoyi da ruwan zafi tana cewa, "Kai dai bi a hankali, ƙafar nan ba ta aro ba ce." Agogon koci ya sauko zuwa huɗu da rabi, daga nan ya kafe. Aka yi makonni bai motsa ba.

"Malam, me ya rage ban yi ba?" Takwas ya tambayi koci.

Koci ya jima yana naɗe igiyar usur a yatsa. "Kowane jiki da iyakarsa," ya ce. "Amma ranar gwaji jini kan hau. Wa ya sani?"

Ranar gwajin mutum biyu suka zo daga kulob ɗin, wani mai furfura da mataimakinsa. Ba su yarda da agogon hannu ba. Wata na'ura suka kafa a farkon layi da ƙarshensa, wadda ba ta san alfarma ba. Kowa sau biyu zai gwada.

Takwas ya zuba duk abin da ke jikinsa a gudun farko. Mataimakin ya girgiza kai. A na biyu har faɗuwa ya yi bayan ya tsallake layi, ya kurje tafin hannu. Bai kai ba. Abin da ya rage masa bai fi ƙiftawar ido ba.

Ya tashi ya nufi mai furfuran. "Ranka ya daɗe, ku ba ni ƙwallo ko na ɗan lokaci ne, ku gani."

"Gaskiya ne," in ji koci. "Ban taɓa koyar da yaro mai kai irin nasa ba."

"Ban musa ba," mai furfura ya ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Ƙwallo muna koyarwa, ɗana. Gudu kuwa da shi ake zuwa."

Aka gama, ba ɗan ƙungiyar ko ɗaya da ya kai. Baƙin suka fara kwance na'urarsu. Koci ya ga makarantarsa za ta tashi a tutar babu, sai idonsa ya faɗa kan Auta, wanda ya rako yayansa yana riƙe masa gorar ruwa.

"Ku dakata, akwai wani yaro."

Auta ya dubi yayansa. Takwas ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗaga masa hannu alamar ya je. Da wandon makaranta Auta ya yi gudun, da takalmin aro. Mataimakin ya leƙa na'urar, ya kira maigidansa ya zo ya gani da idonsa. Suka gara masa ƙwallo, ta bugi ƙaurinsa ta yi nata wuri. Suka yi dariya, suka ce ya shirya kayansa.

A gida Umma ta fara murna, da ta ga fuskar babban ɗanta sai ta haɗiye sauran. Baba ya ce, "Ai duk gida ne," ya koma shago da wuri.

A ɗakinsu Auta ya zauna bakin katifa yana wasa da yatsu. "Yaya, in ba ka so, wallahi ba zan je ba. Ni ko son abin ba na yi."

Wannan maganar ta fi na'urar yi wa Takwas ciwo. "Kar ka ƙara faɗin haka," ya ce. "Ɗauko ƙwallo."

Kafin ranar tafiya ya koya masa tare ƙwallo da cikin ƙafa, da waiwaye kafin ta iso. Auta yana ɗauka a hankali, yana ba da haƙuri duk sanda ya ɓata. Takwas bai taɓa yi masa tsawa ba, bai kuma taɓa cewa ya yi kyau ba. Ranar da motar kulob ta zo, shi ya ɗaukar masa jaka har bakin titi.

Bayan mako guda koci ya tare Takwas a ƙofar aji. Ya ce akwai wasa da wata makaranta, tsakiyar fili ba kowa, yara sai tambayarsa suke yi.

"To, Malam," in ji Takwas.

Da yamma yana jiyo usur daga filin lokacin da ya fita daga makaranta ta ƙofar baya. Ya bi doguwar hanya zuwa gida, don kar ya haɗu da kowa.