Mafitsarar Oga a Allo

Shekara shida tana ɗaukar hoton ciki da tsohuwar na'urar asibitinsu, wadda sai an mare ta take kawo haske. Yanzu an sayi sabuwa, kamfanin kuma mutum ɗaya tak zai horar, a wani taro na masu na'urorin hoton asibiti za a rubuta sunansa. Babban Likita ya ce shi zai je, alhali rabonsa da taɓa na'ura tun tana firamare. Ita Mai Hoto, riƙon jaka ya kawo ta.

Kwana biyu tana bin sa rumfa-rumfa, yana kwasar biro da shayin kyauta, takalmi na cin dunduniyarta. "'Yata, riƙe min wannan." Ta riƙe, da digirinta da komai.

A rumfar kamfanin jama'a suka taru za a gwada na'urar, sai wanda za a duba bai zo ba. Aka ce ana neman mai cikakkiyar mafitsara, don ita ke fitar da hoto tas.

"Ga ogana," in ji ta. "Kofi biyar na shayi ya sha a gabana."

Kafin ya ce uffan an ɗau tafi. Girma ya hana shi gudu. Ya kwanta, aka yaye riga, tumbi ya sha man shafawa mai sanyi ƙalau. Ɗan tallan kamfanin, da kwat ɗinsa, ya ɗora kan na'urar a juye. Hantar Likita ta bayyana inda Allah bai ajiye ta ba.

"Malam, ko dai ogana abin al'ajabi ne, ko ka riƙe ta baibai. Kawo."

Ta karɓa, ta gyara. Ta nuna musu hanta, ta nuna ƙoda, ba gaggawa. Sannan ta gangaro mara ta danna. Mafitsara ta cika allo kamar randa.

"Ke, a hankali," ya ce ta cikin haƙora.

"Haƙuri, ranka ya daɗe. Kai ka koya min aikin asibiti juriya ne."

Shugabar horon kamfanin ta matso da takardar rubuta suna. "Wa asibitinku zai turo?"

Mai Hoto ta ƙara danna marar Likita.

"Ita! Rubuta ta! Ina bayi?"

Likita ya dira daga gadon ba takalmi. Ta faɗi sunanta harafi-harafi, ta bar masa jakarsa a kan gadon.