Lambar Jikin Firji

Tun da ta yi ritaya daga koyar da lissafi, Malama abu ɗaya take tsoro a duniya: ciwon mantuwa. Shi ya cinye mahaifiyarta. Da idonta ta ga tsohuwar tana yawo a layi da takalmi ƙafa ɗaya, har sai da aka sa wa ƙofarta kwaɗo ta waje. Malama ta rantse ita kam ba mai kulle ta.

Sai ta ƙirƙiro wa kanta jarrabawa. A gefen firjinta akwai wani ɗan ƙarfe da aka buga wa lamba, dubu talatin da talatin. Lamba ce mai kyan hali, in ji ta, domin ƙananan lambobin nan guda shida da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, su aka ninka da juna ta fito. Kullum da safe kafin ta sha shayi takan wargaza ta da ka. Muddin ta iya, to hankalinta na nan.

Yau ma ta dafa firjin ta fara. A raba da biyu, da uku, da biyar, saura dubu da ɗaya. A raba da bakwai, ɗari da arba'in da uku.

Nan ta tsaya cak.

Ɗari da arba'in da uku. Me ke raba shi? Kanta fayau, kamar an share allo. Ta gwada tara, ya ƙi. Haba, tara kuma? Ko ɗan aji uku ba zai yi wannan shirmen ba! Tsoro ya kama ta sosai, har tana jin ƙarar kwaɗon nan a kunnenta. Ta zauna daɓas a ƙasan kicin.

“Innalillahi, shi ke nan, ya zo,” ta ce.

Can sai ga shi ya faɗo mata. Sha ɗaya! Sha ɗaya sau sha uku! Ta yi dariya har da ƙwalla, ta miƙe tana kakkaɓe zani.

Da ta juya sai ta ga wata mata tsaye a bakin ƙofa, da leda a hannu da makullin gidan. Baƙuwa, ba ko sallama! Amma farin ciki bai bar Malama ta yi faɗa ba.

“Biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku,” ta lissafa mata da yatsu. “Kin gani? Garau nake. To baiwar Allah, wa kike nema?”

Ledar ta suɓuce daga hannun matar. Ta ce, “Mama, ni ce fa. Autarki.”

Malama ta ƙura wa fuskar ido, ta duba, ta sake dubawa. Sannan idonta ya sauka kan makullin da ke hannun matar.