Giwar da Aramayis Ya Mayar Baya

Shekarar da yaƙi ya toshe hanyoyin shiga Armeniya, birnin Yerevan ya shiga sanyi babu lantarki babu gas. Mutane suka sare itatuwan bakin titi, suka ƙona kujeru da ƙofofin kabad a murhun gwangwani, burodi kuwa sai da katin rabo da dogon layi. A cikin wannan hali ne Zaruhi, mai koya wa yara wasan ches a unguwarsu, take ratsa dusar ƙanƙara ta je duba tsohon malaminta, Aramayis Dallakyan.

Aramayis babban gwani ne, kuma wasa guda ne ya yi masa suna, wanda ya buga da Sukhodolov na Mosko tun yana saurayi. Shi ke riƙe da fararen 'ya'yan wasan, wato sarki, sarauniya, giwa, doki, jirgi da sojoji. A tsakiyar wasan ya ɗauki sarauniyarsa ya ajiye ta a gaban sarkin baƙaƙe, a gidan da ƙaramin soja zai iya cinye ta. Sukhodolov ya cinye, ashe ya buɗe ƙofar gidansa ne. Doki ya faɗo, jirgi ya biyo baya, sarkin baƙaƙe ya rasa mafaka. Masana sun daɗe da bin kowace hanya, suka ce ko da Sukhodolov ya ƙi cin sarauniyar, ba shi da mafita. Duk yaron da ya zauna gaban allo a garin sai an koya masa wannan wasa, Zaruhi kanta ba ta san sau nawa ta koyar da shi ba.

A lokacin kaka, kafin sanyi ya shigo, Aramayis ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Sai dai ya yi gurnani, ya kafa wa mutum ido. Likita ya ce ba wanda zai iya faɗin abin da ya rage a kansa.

Wata rana Zaruhi ta iso da ɗan kwanon miyar yogot a cikin rigarta don kada ya daskare, ta tarar da Mushegh, ɗan tsohon, a ƙofa yana jiranta. Ya ja ta kicin ya rufe ƙofa, ya kira sunanta haɗe da "jan", kalmar ƙauna ta Armeniyawa.

"Zaruhi jan, na samu aiki a Krasnodar, can Rasha. Matata da yara sun riga sun ɗaure kaya. Ƙaramar tana tari tun farkon sanyi, in muka zauna a nan binne ta za mu yi."

"To, Varpet fa?" Haka almajiransa ke kiran tsohon, wato gwani.

"Shi ne maganar. In har yana cikin hankalinsa, ba zan iya jefar da shi ba, ko a bayana ne zan goya shi mu tafi. Amma in jiki ne kawai ya rage, gidan tsofaffi sun ce za su karɓe shi. Ni ban san yarensa ba, tun ina yaro ban sani ba. Ke kin san shi a kan allo. Gwada min shi."

Ta dube shi. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya tsage, kuma ta gane amsar da yake roƙon ji.

Aramayis na zaune bakin taga, an lulluɓe shi da bargo da tsohuwar kwat. Zaruhi ta jawo ɗan tebur ta jera 'ya'yan ches yadda suke a daidai lokacin da sarauniya ta shiga gaban sarki. Yatsunta sun sandare, sai da ta riƙa hura musu iska.

"Varpet, ga wasanka. Nuna min yadda ka gama da mutumin Mosko."

Ta ba shi ɓangaren farare. Ya miƙa hannun hagu ya kama gefen allon ya juya shi, baƙaƙe suka dawo gabansa. Ta ce a ranta ko ya manta wanda ya riƙe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki giwar baƙaƙe, wadda take tsaye a wuri mai kyau tana kare jirgi, ya mayar da ita can baya, gidan da ta fara wasa. Bai ci sarauniya ba, bai kawar da sarki ba, ya kuma bar jirginsa a banza doki zai cinye.

Ko yaron da ya fara koyo jiya ba zai yi wannan ba. Zaruhi ta mayar da giwar inda take.

"A'a, Varpet jan. Duba da kyau. Soja ne ke cin sarauniya."

Ya sake ɗaukar giwar ya mayar baya. Ta sake gyarawa. A karo na gaba ya buga ta a kan allon da ƙarfi har sojoji suka zube, ya riƙa gurnani, miyau na bin gefen bakinsa, yana nuna mata gidan da yatsa. Ba ta iya ci gaba da kallonsa ba. Mutumin da ya koya mata zama a gaban allo tana 'yar shekara bakwai, yau bai san wasan da duniya ta san shi da shi ba. Ta share masa baki, ta tsince sojojin, ta fita.

Mushegh na tsaye a bayan ƙofa. Ta ce, "Ya tafi. Hankalinsa ba ya nan."

Ya rufe fuska da hannu ya yi kuka, amma ta ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa kaya. Kafin mako ya zagayo an kai tsohon gidan tsofaffi a ƙarshen gari, aka sayar da ɗakunansa, Mushegh da iyalinsa suka tashi.

Sanyi ya ƙara tsananta. Aka rufe ajin yara don babu abin ɗumama shi. Zaruhi da mijinta Gurgen suka tattara rayuwarsu a kicin, nan suke dafa taliya, nan suke kwana da takalma a ƙafa. Gurgen makanikin motocin lantarki ne, ga shi babu lantarkin, sai ya zama ba shi da aiki sai tsokanarta. Ches ɗinsa kuwa abin tausayi ne, shi ma ya sani.

Wata rana da hantsi, rana ta ɗan leƙo ta taga, ya ɗauko allo ya ajiye.

"Zo ki cinye ni a wasa, malama, ko jinina ya motsa. Yau sati nawa kina zaune kamar an yi miki mutuwa."

"Ba na sha'awa."

"To nuna min abin da tsohon ya yi da kika yanke masa hukunci. Kullum giwa, giwa, har cikin barci kina ambatonta. Kishi ya fara kama ni."

Ta harare shi, amma ta jera wasan, ta riƙe baƙaƙe, ta mayar da giwar baya. "Ka gani? Ga jirgi a banza. Ci."

"Kyauta? Ni da ban ga nama ba tun bara?" Ya sa doki ya cinye jirgin yana dariya.

Zaruhi ta miƙa hannu za ta rushe wasan, sai hannun ya tsaya. Dokin da ya ci jirgi ya yi nisa, ya koma can lungu, kuma shi ne dokin da ya kamata ya faɗa wa sarki. Giwar da ta ja baya kuwa ta bar layi a buɗe, sarauniyar baƙaƙe da ke can ɗaya gefen tana hango gidan da farare ke son shiga. Ta matsa da ita. Yanzu sarauniyar farare ce a tsakiyar abokan gaba, babu hanyar gaba, babu ta komawa.

"Me ya faru? Na yi nasara ne?" in ji Gurgen.

"Yi shiru."

Ta karɓe duka ɓangarorin tana bugawa ita kaɗai. Ta hana doki cin jirgin, ta gwada shigo da jirgin farare, baƙaƙe suka tare. Ta gwada janye sarauniya, soja ya rufe mata hanya. Ta bi ta nan, ta bi ta can, har rana ta bar tagar, taliya ta huce a tukunya. Kowace hanya ƙarshenta ɗaya, farare sun faɗi. Abin da masana suka kasa gani shekara da shekaru, tsohon ya gano shi yana zaune bakin taga babu baki. Ya nuna mata, ya sake nuna mata, ita kuwa ta share masa miyau ta fita ta ce ba ya nan.

Gurgen ya daina dariya. Ya ce, "Zaruhi, fuskarki ta yi fari."

"Hankalinsa garau yake. Ya fi nawa. Ni na kai shi can."

Washegari da sassafe suka kama hanya a ƙafa, domin babu motar haya. Gurgen ya aro ɗan katakon da yaran maƙwabta ke zamiya da shi a kan ƙanƙara, yana jansa da igiya.

Gidan tsofaffin yana warin fitsari da hayaƙin kananzir. An haɗa gadaje a ɗaki guda kewaye da murhu ɗaya, wanda ya samu kusa ya samu. Gadon Aramayis na jikin bango, inda raɓa ta daskare. An aske masa kai saboda ƙwarƙwata, kwat ɗinsa ta ɓace, ƙirjinsa na ƙara in ya ja numfashi. Da ya gan ta bai yi gurnani ba. Kallonta kawai ya yi.

Ta durƙusa ta ciro ƙaramin allo daga jaka, ta jera a kan bargonsa, ta ba shi baƙaƙe. Da hannunta ta ɗauki giwar ta mayar baya.

"Na gani, Varpet. Na makara, amma na gani."

 Ya zaro hannun hagu daga bargo, ya yi mata alama ta buga. Ta buga mafi kyawun abin da farare ke da shi. Ya amsa nan take. Ta sake, ya sake, ko tsayawa tunani ba ya yi, har da wani takun soja da ita ba ta hango ba a kicin ɗinta. Da sarauniyar farare ta rasa gidan zuwa, sai ya miƙa yatsa ya kwantar da farin sarki, wanda ya kasance nasa a wasansa da mutumin Mosko. Sannan ya juya fuskarsa bango.

"Ka yafe min," in ji ta. Bai juyo ba.

Shugabar masu jinya ba ta yi gardama ba. "Ku ɗauke shi, baki ɗaya ya ragu. Amma kada ku dawo min da shi, an riga an yi wa wani alkawarin gadon."

Suka naɗe shi da kwat ɗin Gurgen, suka ɗaure shi a kan katakon, suka ja shi tsawon gari. Gurgen na haki yana cewa, "Varpet, ka ga yau an ba ka doki na gaske. Sai dai ba ya tsalle." Zaruhi ta ga gefen bakin tsohon da bai shanye ba ya ɗan motsa.

Suka ba shi wurin da ya fi kusa da murhu. Gurgen ya farfasa kantar littattafai ya hura wuta da ita. Zaruhi ta riƙa ba shi shayi da cokali, yana karɓa daga hannunta, amma in ta kawo allo sai ya rufe ido. Da Gurgen kaɗai yake yarda ya buga, ya cinye shi cikin ɗan lokaci, ya yi wani sauti mai kama da dariya wanda ke ƙarewa da tari. Tarin ya ci gaba da sauka ƙirji. Maganin da likita ya ambata babu shi a garin ko da kuɗi. Ya rasu wata safiya kafin ƙanƙara ta fara narkewa, Gurgen na riƙe da hannunsa, Zaruhi tana layin burodi.

Ƙasa ta daskare har sai da aka hura wuta a kanta kafin a haƙa kabari. Mutanen da suka zo ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Mushegh bai samu jirgin sama ba sai bayan an binne. Ya zo kicin ɗinsu da sabuwar hula da ledar tsiran nama, ya ƙi zama. Ya yi godiya, ya sake yin godiya, yana juya hular a hannu. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa.

"Abu ɗaya ke ba ni sauƙi, Zaruhi jan. Bai san inda aka kai shi ba. Ko ba haka ba?"

Gurgen ya dube ta, ya ɗan girgiza kai. Ta san ƙaramar 'yar Mushegh ta warke, ta san kalma guda za ta sallame shi ya koma wa iyalinsa da zuciya ɗaya. Amma ta riga ta taɓa ba shi amsar da yake so.

"Ya sani," in ji ta. "Ya san komai. Kuskuren nawa ne, ni ce ban duba da kyau ba."

"Ke kika ce ya tafi."

"Ni na ce."

 Mushegh ya laluba bayansa kamar makaho har ya samu kujera, ya zauna a kusa da murhu, hular ta faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Gurgen ya tashi ya ɗora ruwan shayi.